Hidaya 'Yar Malam Habu da Mabuɗin da Ta Ƙi Bayarwa

Kullum da safe, in ta sallami yaranta makaranta, Hidaya 'yar Malam Habu takan tari ɗan sahu zuwa ofishin haɗakar manoma da makiyaya da ke bakin titi a Rano. Ofishin ɗaki biyu ne da baranda. Takan gaida maigadi, ta rataye jakarta, ta wuce ɗan ƙaramin ɗakin da manyan kwamfutoci ke gurnani, ta ɗora bayan hannunta a jikinsu kamar mai duba zazzaɓin yaro. Sai ta dawo teburinta ta buɗe tata kwamfutar, ta bi manhajojin haɗakar ɗaya bayan ɗaya. In ta ga kowacce na aiki lafiya, ta ce alhamdulillahi ciki-ciki, ta haɗa shayi. Shi ke nan. Wanda bai sani ba sai ya ce ba ta yin komai.

Mutum ɗaya ne ya san abin da take yi sarai, wato yayanta Uzairu, wanda teburinsa ke fuskantar nata. Ya shafe shekaru yana kallonta ta saman tabarau, da wani kishi a ransa wanda ya kasa rabuwa da shi.

Haɗakar tana da ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a Kibiya da Dawaki da Rurum Sabon Gari. Matan rugage kan kai madara da kindirmo, manoman rani kuma su ajiye tumatir da tattasai kafin masu saye su iso daga Kano. Kwamfutocin ofishin Rano ne ke lura da sanyin kowane ɗaki, su ƙara ko su rage, su kuma aika saƙon murya zuwa wayoyin 'yan haɗaka. Muryar da ke cikin saƙon ta Uzairu ce. Shi ya rubuta manhajar, shi ya naɗi muryarsa yana cewa, "Jama'a, akwai sauran wuri a ɗakin sanyi na Kibiya." Saboda haka in ya shiga kasuwa har yara kan kwaikwaye shi, dattawa su miƙo masa hannu. Hidaya kuwa tana iya ratsa kasuwar nan daga wannan baki zuwa wancan ba wanda zai ɗago kai.

To me zai sa wanda ake gaisarwa ya yi kishin wadda ba a sani ba? Uzairu da kansa ya sha yi wa kansa wannan tambayar a kan babur, tsakanin Rano da Dawaki.

Shi ya fara koya mata kwamfuta. Lokacin yana da ɗan shagon buga takardu a Rano, ita kuma tana 'yar sakandare, takan biyo ta shagon in an tashi. Shi ya nuna mata yadda ake riƙe linzamin kwamfuta, har yana yi mata tsawa in ta danna inda ba a ce ba. Daga baya kowannensu ya yi karatun fannin a Kano, shi a gaba ita a baya. Da haɗakar ta ɗauke shi aiki, aiki ya yi yawa, shi ne ya je ya samu shugaban haɗakar, Alhaji Isma'ila, ya ce yana da ƙanwa mai natsuwa, a gwada ta. A ransa, zuwa za ta yi ta kama masa. Bai yi zaton wata rana sai da izininta aikinsa zai shiga ba.

Ga yadda abin yake, ga wanda ba sana'arsa ba ce. Kowace manhaja ta haɗakar ana sa ta ne a cikin nata keɓaɓɓen wuri, ita kaɗai da kayan aikinta. Masu sana'ar suna kiran wurin kwantena, kamar dai kwantenar da ake mayarwa shago. Akwai kuma wata babbar manhaja, Kubanetis, mai rarraba kwantenonin a kan kwamfutoci, in ɗaya ta mutu ta tayar da wata. A cikin kowace kwamfuta akwai wani matsayi da ake ce wa rut. Mai wannan matsayi shi ne mai babban mabuɗi: ya buɗe duk inda ya so, ya goge, ya canja, ba mai tambayarsa. Manhajoji da yawa da ake saukowa daga intanet da wannan matsayin suke zuwa, don ya fi sauƙi, komai sai ya tafi ba gardama. Illar ita ce, in ɓarawo ya samu kafa ya shiga irin wannan kwantena, ya shiga ne da babban mabuɗi a hannu.

Hidaya ta kafa doka tun farkon zuwanta: babu kwantenar da za ta yi aiki da matsayin rut. Kowacce a matsayin baƙo za ta zauna, ba ta rubutu sai a ɗan wurin da aka ware mata, ba ta ƙara wa kanta matsayi, ba ta magana da wata kwantena sai wadda aka yarje mata. Kuma ba a baki ta bar dokar ba. Ta sa ta a cikin Kubanetis ɗin, ta yadda duk kwantenar da ta saɓa, tun daga ƙofa za a mayar da ita da jan rubutu.

Uzairu ya ga jan rubutun nan har ya gaji. Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne na wata Laraba, ana jibi wasu manyan dillalan kayan gwari za su zo daga Kano. Ya ƙirƙiro wani sabon abu mai kyau: manomi ya ɗauki hoton tumatirinsa ya turo, dillali ya gani a wayarsa tun kafin ya taso. Ya yi wa Alhaji Isma'ila alkawarin za a nuna wa baƙi. Ya tura kwantenar, aka dawo masa da ita.

Ya ce, "Hidaya, ƙofarki ta sake korata."

Ta ce, "Na gani, Yaya. Manhajar rage girman hoton da ka ɗauko ce, a matsayin rut aka gina ta. Sai an sake gina ta."

"Jibi fa baƙin nan za su zo. Ki buɗe mini na wannan makon kawai, in sun tafi in gyara."

"Ka yi haƙuri, Yaya. Zo mu zauna mu gyara tare, ko zuwa Asabar ma gama."

"Asabar? Wa zan nuna wa ran Asabar, awaki?"

Ya matso da kujera, ya rage murya don kada maigadi ya ji.

"Ke, ni ne fa. Ba wani baƙo ba ne. Ni na koya miki kunna abin nan."

Ta ce, "Wallahi na sani, kuma ban manta ba. Ba kai nake tsoro ba. Wanda zai biyo ta bayanka nake tsoro, kuma shi ba ya jiran baƙi su tafi."

Baƙi suka zo, Uzairu ya tsaya gabansu yana kwatanta da hannu abin da ya kamata su gani da ido. Ɗaya daga cikinsu ya yi hamma. Da suka tafi Alhaji Isma'ila ya tambayi dalili, Uzairu ya zayyana masa komai yana jiran a kira Hidaya a yi mata faɗa. Alhaji ya shafa gemu ya ce, "To, in Malama Hidaya ta ce a dakata, ai sai a dakata." Ran Asabar ɗin suka gama gyaran, su biyu, abin ya hau lafiya lau, amma Uzairu ya yi mako guda gaisuwa kaɗai ke haɗa shi da ita.

Ba a ofis kaɗai ba. Ran Juma'a in sun je Dawaki gaida mahaifinsu, Malam Habu kan zauna a zaure da jikoki kewaye da shi. Wata rana saƙo ya shigo wayarsa, wai an zaɓe shi cikin masu samun taki, ya danna nan. Uzairu na zaune dab da shi, gwiwa da gwiwa. Tsohon ya miƙa wayar ta saman kafaɗarsa ya ce, "Ku kai wa Hidaya cikin gida ta duba mini, ita ba a yi mata wayo." Uzairu ya bi wayar da ido har ta shige soro. Ya san saƙon na 'yan damfara ne, da kallo ɗaya ya gane. Ba wanda ya tambaye shi.

Yakan ce wa matarsa, "Ba hassada nake mata ba, Allah ya kiyaye. Ba na so ta rasa komai. Amma a ce ni ake tafa wa, ita ake yarda da ita? Wannan wane irin rabo ne?"

Daga nan ya shiga sa mata ido. Yana da yaƙinin cewa duk mai riƙe da ƙofa yana da tasa 'yar ƙaramar ƙofar ta baya. Ai ita ta rubuta dokar, ita ce kuma kaɗai ke da ikon sassauta ta. Wata rana sai ga dama ta samu. Hidaya ta kawo wata manhaja tata ta kanta, mai auna zafin kwamfutoci, ta tura, sai ga jan rubutu a allonta. Uzairu ya hango daga teburinsa, murna ta kama shi. Ya yi kamar yana aiki, yana jiran ya ga ta shiga ta cire wa kanta dokar, abin da ba zai ɗauke ta minti ɗaya ba.

Ta yi tsaki, ta ce, "Kai, ni ma an kore ni." Ta tashi ta yi alwala ta yi azahar, ta dawo ta fara warware manhajar tun daga tushe. Kwana da kwanaki tana fama, har ta rasa zuwa sunan 'yar ƙawarta a Kibiya. Uzairu ya leƙa inda ake ganin duk canjin da aka yi wa dokar, ya duba sama ya duba ƙasa, bai ga ta taɓa ko wasali ba. Ya rufe kwamfutarsa a hankali. Ya so ƙwarai ya kama ta, rashin kamawar kuma ya fi masa ciwo fiye da jan rubutun.

Sai ranar da abin ya faru. Bazara ce, zafi kamar ya tsaga ƙasa, ga shi ranar kasuwar Kibiya. Uzairu na can bakin ɗakin sanyi yana gaisawa da jama'a. Ɗakin ya cika maƙil: jarkokin madara jere a gefe guda, kwandunan tumatir har kusa da rufi, a waje kuma mata sun yi layi a inuwar darbejiya da ƙorai a gabansu. Wajen sha biyun rana wayarsa ta yi ƙara.

Hidaya ce. Muryarta ba ta canja ba. "Yaya, in da hali ka taho ofis yanzu. Wani ya shigo ta wurin hotuna."

"Ya shigo? Ya kai ina?"

"Bai kai ko'ina ba. Amma na rufe karɓar hoto, sai ka zo."

Uzairu ya tsaya riƙe da waya yana kallon ɗan allon da ke jikin ƙofar ɗakin, mai nuna sanyi. Lambar na nan inda take. Ya dubi matan da ke layi. Wata tana gyara goyo, wata tana kore ƙuda daga bakin ƙwarya. Ya san irin mutanen da ke wannan kutse: su kulle kwamfutocin mutane gaba ɗaya, su ce sai an fanshe su da kuɗi. Da sun kai ga abin da ke sarrafa sanyi, a wannan zafin, kafin la'asar madarar nan ta tsinke, kafin gobe tumatirin ya fara ruwa, a nan da Dawaki da Rurum baki ɗaya. Kuma masu madarar da tumatirin nan muryarsa suka ji suka kawo kayansu.

Ya hau babur, bai san yadda ya iso Rano ba.

Ta juyo masa da allonta. Wani ne daga wata uwa duniya ya turo hoton da ba hoto ba ne, tarko ne. Manhajar rage girman hoton nan tana da wata ɓaraka da masu ita ma ba su daɗe da ganowa ba, ta nan ya shiga. Ga sawunsa nan a rubuce, layi bayan layi. Ya nemi ya ajiye tasa manhajar, aka ce ba wurin rubutu. Ya nemi ya ɗaga matsayinsa zuwa rut, aka hana. Ya lalubi hanyar zuwa kwantenar da ke kula da sanyi, ya tarar ba hanya. Yana cikin wannan laluben ƙararrawa ta sanar da Hidaya, ta kashe kwantenar da shi a ciki.

Kwantenar nan ita ce wadda Uzairu ya roƙa a buɗe masa. Dukansu biyu sun sani. Ba wanda ya faɗa. Ta matsar masa da kujera ta ce, "Masu manhajar sun fitar da gyara, ga shi nan. Kai ka fi ni sanin cikinta." Ya zauna ya toshe ɓarakar. Kafin a tashi daga kasuwa hotuna sun ci gaba da shiga, kuma babu ko mutum ɗaya a Kibiya da ya san an yi wani abu.

Da shugabannin haɗaka suka zauna, Alhaji Isma'ila ya tambaya, "Ta ina aka shigo, kuma sakacin wa ne?"

Uzairu ya sunkuyar da kai yana jira. Hidaya ta ce, "Ranka ya daɗe, ba sakacin kowa ba ne. Ɓaraka ce da ta shafi duk masu amfani da wannan manhaja a duniya. Ba a taɓa komai ba, kuma Yaya Uzairu ya toshe ta a ranar."

Aka yi wa Uzairu sannu da ƙoƙari. Wani dattijo har da dafa masa kafaɗa. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya rasa inda zai sa kansa. Da aka watse ya tare ta a baranda.

"Me ya hana ki gaya musu na taɓa cewa ki buɗe mini?"

"Ai ban buɗe ba, Yaya. Abin da ba a yi ba, me za a faɗa a kai?"

"Ke dai kullum ke ce mai gaskiya. Ko gorin ma ba za ki yi mini ba, in samu abin riƙewa?"

Ta yi 'yar dariya, ta ce, "Da kai ne a kujerata, ni ce zan riƙa zuwa ina yi maka magiya. Kujerar ce haka."

Bai yarda ba. Ya san kansa. Da shi ne a kujerar, da ƙanwarsa ta roƙe shi sau biyu ya buɗe.

Malama Hidaya, ke ce mai cewa a'a ba tare da ɗaga murya ba. Ke ce kika hana yayanki, kika hana kanki, kuma ba ki taɓa mayar da hanin abin taƙama ba. Duk wanda kika mayar daga ƙofa, kin ja kujera kin zauna kusa da shi har sai ya samu shiga ta hanyar da ta dace. Aikinki irin wanda in ya yi kyau ba a ganin komai ne: madara ta kwana lafiya, manomi ya sayar da kayansa, kowa ya koma gida yana zaton haka Allah ya tsara ranar ba tare da hannun kowa ba. 'Yar Malam Habu, mai tsaron da ba ta gyangyaɗi, mun gani ko da ba mu faɗa da wuri ba.

A bana Hidaya ta ajiye aikin haɗaka, bayan shekaru masu yawa, za ta koma Kano koyar da matasa wannan fanni. Aka shirya mata 'yar walima a harabar ɗakin sanyi na Kibiya, aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo waina da lemo. Yawancin waɗanda suka zo ba su ma san wa ake sallama ba, sun dai ji saƙo a waya cewa haɗaka na taro.

Ana cikin haka wata tsohuwa mai suna Dije, daga wata ruga ta bayan Rurum, ta ratso mutane da sandarta, jikarta na biye da ita riƙe da igiyar wata 'yar tunkiya. Ta ce tun da aka buɗe ɗakin nan madararta ba ta taɓa lalacewa ba, da ita ta aurar da 'ya'ya, yau kuma ta ji an ce mai tsaron abin zai tafi. Ta ce, "Ku nuna mini shi, in ba shi abin da na kawo da hannuna."

Kafin shugabanni su yi magana, jama'a suka nuna Uzairu. "Ga shi nan, Inna, mai muryar nan ne." Tsohuwa ta nufo shi fuskarta cike da fara'a, ta kama hannunsa da nata biyu, ta fara zuba masa addu'a, Hausa da Fulatanci a haɗe. Hidaya na can gefe cikin mata tana zuba wa wata yarinya lemo, ko ɗagowa ba ta yi ba. Uzairu ya san ba za ta ce uffan ba, yau ko gobe.

Ya bar addu'ar ta ɗan yi nisa. Shi da kansa ya ce daga baya, daɗinta ya ratsa shi har ƙashi, kuma bai so ta ƙare ba. Sannan ya zare hannunsa a hankali.

Ya ce, "Inna, ni magana kawai nake yi. Mai tsaron ga ta can, mai shuɗin mayafi. Ƙanwata ce."

Dije ta juya ta ƙare wa Hidaya kallo, ta ce, "Wannan 'yar? Allah mai iko." Ta karɓi igiyar daga hannun jikarta ta nufe ta, mata suka dare, guɗa ta tashi. Hidaya ta rufe fuska da mayafi. Uzairu ya koma ya zauna a bakin tabarma. Alhaji Isma'ila ya sunkuyo ya ce masa, "Ka kyauta, Malam Uzairu."

Ya ce, "Alhaji, bar ni kawai. Har yanzu abin na ci na." Yana faɗa yana share ido da bakin hularsa, kuma duk tafin da aka yi a wurin, nasa ya fi ƙara.

Mun gode, Malama Hidaya. Allah ya saka miki da alheri, ya sa albarka a inda za ki, ya ba ki ɗalibai masu jin magana. Ku kuma matasanmu na Rano da Kibiya da ke shiga wannan sana'a, za a ba ku amanar abin da mutane ba sa gani kuma ba za su iya bincika ba. Ranar da wanda kuke jin nauyinsa zai tsaya a kanku ya ce ku buɗe masa na yau kaɗai, ku tuna akwai wata 'yar Dawaki da ta dubi yayanta, wanda take ƙauna take kuma girmamawa, ta ce masa ya yi haƙuri, sannan ta ja kujera ta taya shi gyara.